Wata Shida a Takarda, Shekara Biyu a Ƙofar Gida

A Gana laifi ne mai gida ya nemi ɗan haya ya biya shi kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba. Haka yake a rubuce a dokar haya ta 1963, wadda lauyoyi ke kira Doka ta 220, a sashe na 25. Idan ma hayar ta wata-wata ce, kuɗin wata ɗaya kaɗai aka yarda a karɓa. Wanda ya saɓa yana iya shan tara, ko ɗaurin da zai kai shekara biyu, ko a haɗa masa duka. To je ka Nima ko Mamobi ko Fadama ka karanta wa mutane wannan a teburin mai shayi, ka ga yadda za su kwashe da dariya. Wani zai ce maka, "Malam, ɗauki wata shidan ka je ka nemo ɗakin, in ka samu ka kira mu mu taya ka kwasar kaya."

Kuma suna da gaskiya. Ni haifaffen Ankara ne, kuma 'yan'uwa na Nijeriya da Nijar su yi mini uzuri, haka muke kiran babban birnin Gana da Hausarmu, ba ta Turkiyya nake nufi ba. A gidan haya aka yanke mini cibiya, a gidan haya na yi aure, a gidan haya nake rubuta wannan. A duk tsawon nan ban taɓa kama ɗaki da kuɗin wata shida ba. Shekara ɗaya ita ce alfarma, shekara biyu ita ce al'ada.

Ga yadda abin ke tafiya. Za ka fara da ejan, wato dillalin ɗaki. Kafin ya ɗaga ƙafa sai ka ba shi kuɗin zagaye, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba. Ranar da aka daidaita zai karɓi kashi 10 cikin 100 na abin da ka biya, alhali dokar kashi 5 na hayar shekara ɗaya ta yanka masa. Sannan mai gida ya ce a ajiye adbans. Ɗaki ɗaya na sidi 300 a wata, shekara biyu ya kama 7,200, ga 720 na ejan, ga fenti, ga sabon kwaɗo, ga ragar sauro a taga, duk a kanka. Daga ina direban tirotiro ko mai ɗinki zai tara wannan a rana ɗaya? Daga adashi, wanda a nan muke kira susu. Daga wani yaya da ke Jamus ko Amurka. Daga sayar da sarƙar da aka gada. In ka duba da idon basira, bashi ne talaka ke ba wanda ya fi shi, ba kuɗin ruwa, ba jingina, har ma shi mai ba da bashin ne zai durƙusa ya yi godiya.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai game da haya a zango ba a lissafin yake ba, a cikin kalmar "mai gida" yake. A wurin kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, daga baya Kumasi da bakin teku, mai gida shi ne wanda ke saukar da baƙo. Fatake su iso da shanu ko su zo sayen goro, ya ba su ɗaki, matansa su ba su tuwo, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki, in rigima ta taso ya shiga gaba. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'ada yake samu daga cinikin. Unguwannin ma haka aka kafa su. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, yana yanka wa mutanensa fili. Nima kuwa Malam Amadu Futa ne ya karɓi wurin daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, daga nan baƙi suka riƙa sauka a ƙarƙashin inuwarsa. Fatauci ya tafi, haya ta zo, amma kalmar ta zauna da nauyinta. Har gobe ɗan haya a zango ba ya jin kansa a matsayin wanda ya sayi wani abu da kuɗinsa. Yana jin kansa baƙo ne da aka yi wa karamci. Baƙo kuwa ba ya neman rasit, kuma ba ya kai mai masaukinsa ƙara.

Gidan da na tashi a Nima ɗaki goma sha huɗu ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ke zuwa ran da ya ga dama, mita ɗaya. Kuɗin wuta da "foyin" ake raba shi: ƙwan fitila foyin ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, firji uku, dutsen guga kuwa sai an yi zama a kansa. Bayan gida da akwai, amma kafin a haife ni an mayar da shi ɗaki an sa ɗan haya, don haka kowa da silallansa a bi layin na gwamnati da asuba. Mai gidan, wani Alhaji, ya sayi gidan ne a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasar, mutane suka riƙa sayar da gidaje a kan abin da ya samu. Duk da haka dattijo ne na tsohon yayi. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta haya da ajami. Wanda aka yi wa rasuwa ya ɗaga masa wata biyu. Da azumi kowane ɗaki na samun sukari. Bai taɓa ba kowa takarda ba, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

A ɗaki na biyu daga ƙofa akwai wata baiwar Allah da duk muke kira Mma mai koko. Ta shigo gidan amarya a 1983, shekarar fari da yunwa, shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan guda, ɗaki ya zama zinariya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tukunyar koko. Ƙarfe uku na dare take tashi, kafin a kira assalatu ta kafa teburinta a bakin titi da ƙosai. Rabin samarin layinmu da kokonta suka tafi makaranta, wasunmu bashi.

Alhaji ya rasu ya bar magada goma sha ɗaya. Duk wanda ya san zango ya san abin da wannan ke nufi. Gida ɗaya ba ya rabuwa goma sha ɗaya, sayarwa kuma abin kunya ne, sai a bar shi a hannun babban ɗa ya riƙa tara haya yana rabawa, kowa kuma na zarginsa. Littafin baƙin bango ya ɓace a ranar sadakar arba'in. Sai ga 2022, shekarar da sidi ya zube. A farkonta dala ɗaya wajen sidi shida ce, kafin Nuwamba ta haura goma sha huɗu, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Tun kafin abin ya kai nan, babban ɗan ya tara 'yan haya a tsakar gida ya ce daga 150 ɗaki ya koma 350, shekara biyu a gaba, wanda ba zai iya ba ya nemi wuri kafin ƙarshen wata.

Mma tana da sauran wata huɗu a kuɗin da ta biya. Ta faɗa masa. Ya ce ina shaida?

Abin da ya biyo baya ba sabo ba ne, kowane ɗan haya a Ankara ya san jerin, kamar karatun allo. Aka fara cire wayar ɗakinta daga mita, wai tana jan wuta da yawa, ita da ƙwai ɗaya da rediyo. Aka sa kwaɗo a makewayin da mata ke wanka, aka raba makulli ban da ita. Aka ce hayaƙin murhunta na ɓata fenti. Sai ran wata Asabar a watan Mayu, damina ta kankama, ga kafinta da tsani, wai za a gyara rufi. Ya ɓalle kwano biyu daidai saman gadonta ya sauka, ya ce ƙusa ta ƙare, zai dawo Litinin. Bai dawo ba. Daren Lahadi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na zo gaishe ta, na same ta ta baza gero a kan tabarma, katifa a jingine da bango tana ɗiga, ita kuma tana zaune a kan turmi ba ta ce da kowa komai ba.

Na ce, "Mma, wannan laifi ne a doka. Akwai ofishin da ake kai irin wannan."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni zan kai ɗan Alhaji gaban hukuma? A bayan nan nawa na goya shi lokacin da uwarsa ke jegon ƙanensa."

Don haka aka fara da inda ake farawa, aka je wurin dattawan unguwa. Ina girmama sulhun zango, ya raba faɗan da kotu za ta shekara ba ta raba ba. Amma a maganar haya yana da gurguwar ƙafa, domin mafi yawan waɗanda ke zaune a kan buzun sulhun su ma masu gidaje ne, kuma gobe nasu ɗan hayar za a kawo. Suka yi wa yaron faɗa a kan kwanon, wannan kam sun yi. Sannan suka juyo wurin Mma suka ce ta yi haƙuri, gida na mai shi ne, an ƙara mata wata ɗaya ta nemi wuri. Ba wanda ya ɗaga maganar wata huɗunta. Haƙuri a irin wannan zama kullum gangare yake bi, wurin wanda ba shi da ƙarfi yake taruwa.

Abin da ya juya ta 'yarta ce, da ta kira daga Tamale tana kuka, ta ce ai ita ta tura kuɗin ƙarshe ta momo, kai tsaye zuwa lambar babban ɗan, saƙon yana nan a wayarta da kwanan wata da adadi. Rasit ɗin da al'ada ta hana a nema, kamfanin waya ya rubuta shi ba tare da ya san yana yi ba.

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da dokar ta tanada, domin na lura mutanenmu sashen wata shida kawai suka sani, shi ne kuma wanda ya fi kowanne mutuwa. Sauran da ransu. Mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da hannunsa, sai da umarnin kotu, kotun kuma sai an kawo mata ɗaya daga cikin dalilan da sashe na 17 ya lissafa. Daga ciki akwai a bar haya ta wuce wata ɗaya ba a biya ba bayan lokacinta ya yi, ko ɗan haya ya zama fitina ga maƙwabta, ko ya lalata ginin, ko mai gida ya buƙaci wurin don zaman kansa ko na iyalinsa, ko zai rushe ya sake gini. "Na samu wanda zai biya fiye da kai" ba ya cikin lissafin. Yin wani abu da gangan don a ƙuntata wa ɗan haya har ya tattara da kansa, irin su ɓalle rufi da cire ƙofa, laifi ne mai zaman kansa. Dole ne a ba da rasit, mai biyan wata-wata kuma a ba shi katin haya. Ƙarin kuɗi ma akwai jami'in haya da aikinsa ne ya zo ya duba ɗaki ya kimanta abin da ya cancanta. Duk wannan yana hannun sashen gwamnati da kowa ke kira Rent Control, a ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje.

Na raka ta ofishin. Ta sa mayafinta na zuwa biki, ta riƙe carbi, duk hanya ba ta yi magana ba. Benci a cike. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan masu gidajen da ke zaune a layin, su ma da nasu kukan: wannan an shekara ba a biya shi ba, wancan ɗan haya ya kulle ɗaki ya yi tafiya da makulli. Muka rubuta ƙorafi, aka ba da sammaci. Ni na san da ƙyar Mma ta yi barci daren da takardar ta isa gidan.

Ranar zama jami'ar mace ce, mai magana a hankali. Ta nemi a nuna mata saƙon wayar, ta duba, ta tambayi babban ɗan ko lambarsa ce. Ya ce tasa ce. Ta tambaye shi wa ya aiko kafinta. Ya fara zancen gyara, ta ce gyaran da ya kai kwana goma sha tara a tsakiyar damina? Ya yi shiru. Sai ta buɗe dokar ta karanta masa, ni kuma ina fassara wa Mma da Hausa a kunne. Da na zo wurin da aka ce abin da aka yi mata laifi ne da za a iya gurfanar da mutum a kansa, sai ta kama hannuna ta ce, "Ka ce mata ban zo don a ɗaure shi ba. Kwanona kawai nake so." Na faɗa. Jami'ar ta rubuta yarjejeniya: a mayar da rufi cikin mako guda, a mayar da wuta, a ba ta makulli, ta cinye wata huɗunta.

A nan ne babban ɗan, wanda ashe ya yi shawara da wani kafin ya zo, ya fito da katinsa. Ya ce ƙanensa zai yi aure, iyali na buƙatar ɗakin. Wannan ƙofa ce da dokar da kanta ta buɗe, kuma a gidan magada goma sha ɗaya ba a rasa ƙanen da zai yi aure. Aka daidaita a kan ƙarin wata uku bayan huɗun, a kan tsohon farashi, tana biya wata-wata. Kowa ya sa hannu, Mma ta dangwala yatsa.

Wata bakwai ke nan, a madadin kwana talatin na dattawa. Ko wannan nasara ce? Ranar Laraba kafinta ya dawo da ƙusarsa. Ta samu lokacin da ta kwashi adashinta, 'ya'yanta suka haɗa abin da suka haɗa, ta fita da kayanta a ɗaure da rana tsaka, ba a watso mata su titi ba. Wanda bai taɓa ganin an watso kayan tsohuwa ba zai raina wannan. Amma ta biya wani farashin da ba a rubuta a yarjejeniyar ba. Matan magada suka daina amsa gaisuwarta. A wurin suna aka riƙa nuna ta da baki, ga wadda ta kai ɗan gida ƙara. Wasu da suka shekara talatin suna shan kokonta suka koma teburin gaba. Su kuma sauran 'yan hayar, waɗanda ba wanda ya buɗe baki ranar da aka ɓalle kwanon, sai ga su ɗaya bayan ɗaya da daddare suna tambayata ina ofishin yake, nawa ake biya, me ake rubutawa. Ba wanda ya je a cikinsu. Ba su ma buƙaci zuwa ba, domin babban ɗan ya sauko da kansa zuwa 250, shekara ɗaya, ya sayo littafin rasit. Ita ta sha ruwan, su suka shiga inuwa.

Yanzu tana Kasuwa, garin da taswira ke rubutawa Kasoa, can bayan iyakar Ankara ta yamma, inda ɗaki ya fi sauƙi. Shekara biyu ta biya a can ma. Koko kuwa sana'ar wuri ce, ba a ɗaukar masu saye a kai a yi ƙaura da su, kuma ba mai fitowa daga Kasuwa da tukunya ƙarfe huɗu na asuba ya riski Nima. Tana ɗan damawa a ƙofar gida. Ɗakinta na da, na wuce kwanan baya, an fasa masa ƙofa ta waje, wani yaro na sayar da caja da murfin waya a ciki. Ƙanen bai yi auren ba tukuna.

Da a nan na tsaya, da mai karatu ya ɗauka duk mai gida azzalumi ne, ni kuwa ina da gwaggo a Aboabo, cikin Kumasi, da ɗakuna shida na gado, su ne gonarta, su ne fanshonta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, kin san shekara biyun nan da kike karɓa doka ta hana?" Ta ce, "To doka ta zo ta saya mini siminti." Sannan ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. In ta karɓi wata-wata, cefane ne zai cinye, bango kuma na tsagewa. In ta karɓi dunƙule, ta sayi kwano ta kira birkila. Banki ba ya ba irinta bashi, ko ya bayar, a 2023 kuɗin ruwa ya kai kashi 30 cikin 100 har ya wuce. Wanda ta karɓi shekara biyunsa a 2021 kuma, shi ya ci riba, domin kafin wa'adinsa ya cika kuɗin da ya ba ta ya zama ganye, shi kuwa yana zaune a tsohon farashi. Akwai wani da ya yi wata goma sha huɗu bai biya ba, da mata da 'ya'ya biyar. Doka ta ba ta dama ta kai shi, ita ma kunya ta hana ta, kunyar nan dai da ta so hana Mma. Adbans a wurinta garkuwa ce daga irin wannan, domin ba ta da wata hanyar sanin wa zai biya wa zai ƙi.

Kumasi ma ta taɓa ganin ƙayyade haya na gaske, ba na takarda ba. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka fara, gwamnatoci suka yi ta gāda, har zuwa mulkin Rawlings da ya yanka farashin ɗaki da doka a 1982 da 1986, kwamitocin unguwa na sa ido. Wani bincike da Bankin Duniya ya buga a 1990, na Malpezzi da Tipple da Willis, ya gano 'yan haya a Kumasi na biyan wajen rabin abin da kasuwa za ta nema, amma mafi yawan iyalai a ɗaki ɗaya suke cunkushe, masu kuɗi kuma ba su ga dalilin gina sababbin ɗakunan haya ba. Wanda ke ciki ya ji daɗi, wanda ke waje ya rasa ƙofar shiga. Ni a ganina daga nan adbans ya samu gindin zama. An toshe wa mai gida hanyar ƙara farashi, sai ya koma neman dunƙule, da ƙayyadewar ta saki kuma dunƙulen bai saki ba. Bayan ƙidayar 2021 hukuma ta ce ƙasar na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8. Inda mutum goma ke bin ɗaki ɗaya, wanda ya ce "doka ta ce wata shida" shi ne na farkon da za a sallama, na bayansa kuma ya riga ya zaro shekara biyu daga aljihu. Wa zai kai ƙarar mai gidan da bai riga ya ba shi makulli ba? Bayan ya karɓi makullin kuma, wa zai kai ƙarar wanda zai kwana da shi a tsakar gida ɗaya?

Gwamnati ta san da haka. A Janairun 2023 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa, inda ake biya wa mutum adbans ɗin kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Dabara ce mai ma'ana, domin ta ɗauke bashin daga wuyan talaka ta mayar da haya abin da ya kamata ta zama, kuɗin wata daga samun wata. Sai dai ana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, wanda malamin makaranta da nas za su iya kawowa. Mai koko takardar albashinta ita ce ƙullin bakin zanenta. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba ma sun san irin wannan, domin Legas ta yi tata dokar a 2011 da ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, su za su faɗi yadda take aiki a ƙofar gida.

Tun daga shari'ar Mma na zama wani ɗan ƙaramin lauyan layi, ba digiri ba riga. Masu zuwa wurina ba na ce musu su ƙi biyan shekara biyu, don ba ni da ɗakin da zan ba su in an kore su. Ina ce musu su biya ta waya, kada su goge saƙon. Su sa a rubuta ranar shiga da ranar cika da adadin kuɗi, ko a bayan kwalin sukari ne, mutum biyu su sa hannu. In sun gyara ƙofa ko sun yi siminti da kuɗinsu, a rubuta tun kafin a fara ko za a cire a haya. Kada su sa wani a ɗakin ba da izinin mai gida a rubuce ba, domin wannan kan ba shi hujja a kansu. In an taɓa rufi ko wuta, su ɗauki hoto ranar. Mafi wuya a ciki shi ne buɗe baki a nemi takardar. Ni kaina ranar da na nema, mai gidana na yanzu, dattijo mai mutunci, ya ajiye butarsa ya dube ni ya ce, "Yaro, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce, "Baba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ni da kai duka masu mutuwa ne, 'ya'yanka kuma ba su san ni ba." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya aika jikansa ya kawo biro. 'Ya'yansa tara.

Kuɗina zai cika a watan Maris. Shekaranjiya da magariba jikan nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce Baba na son ganina in na samu sarari, ba gaggawa. An kuma sauke buhun siminti takwas a zaure tun makon jiya.